Tarihin Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, yariman Futa Jalon da ya yi shekara 40 cikin bauta a Amurka



Ya ɗan'uwa mai karatu, ya 'yar'uwa mai karatu, ana yawan tambaya ko akwai Musulmi cikin mutanen Afirka da aka kwasa zuwa Amurka a matsayin bayi, kuma idan akwai, yaya suka ƙare da addininsu. Amsa ita ce akwai su, har da masu karatun Alƙur'ani da masu rubutu da Larabci. Mafi yawansu sun rayu sun mutu ba wanda ya rubuta ko da sunansu. Kaɗan ne labarinsu ya tsira, kuma daga cikinsu akwai Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori. Mun zaɓi tarihinsa ne saboda ya faɗo daidai lokacin da Amurka ta fara rabuwa gida biyu a kan bauta. Ku riƙe abu guda tun daga farko: kusan duk wanda ya taimake shi yana da wata buƙata tasa da yake son biya ta hanyarsa, shi kuwa buƙatarsa ɗaya ce, ya fitar da 'ya'yansa daga hannun mai gandu.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Abdurrahman wajen shekarar 1762. Mahaifinsa, Ibrahima Sori, Bafillace ne, shugaban yaƙi, wanda ya zama Almami na Futa Jalon, wato ƙasar duwatsu da ke cikin Gini ta yau, mai hedikwata a garin Timbo. Daular ta kafu ne ta hanyar jihadin da Karamoko Alfa ya jagoranta tun wajen shekarun 1720, kusan shekara 80 kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Hausa. Sori ne ya gaji Karamoko Alfa.

Abdurrahman ya tashi a gidan sarauta da ilimi. Ya yi karatun allo, ya koyi Larabci, kuma bisa ga abin da shi da kansa ya ba da labari, an tura shi ƙarin karatu Jenne da Tumbuktu. Da ya dawo ya shiga rundunar mahaifinsa, ya yi aure, ya sami ɗa.

Akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye muku ba. Daular Futa Jalon ita kanta tana da bayi masu noma mata gandaye, kuma tana sayar da fursunonin yaƙi ga fatake masu kai su bakin teku, a karɓo bindigogi da gishiri da tufafi. Cinikin da ya cinye Abdurrahman daga baya, gidansu na cikin masu cin ribarsa.

Kamunsa

A shekarar 1788, yana da kimanin shekara 26, aka ba shi runduna ta wajen mutum 2,000 don ya murƙushe wasu mutane da ke tare hanyar fatauci zuwa bakin teku. Ya ci nasara, amma a hanyar dawowa aka yi musu kwanton ɓauna a wani mashigi tsakanin duwatsu. Aka kama shi da wasu mutanensa, aka sayar da su ga fatake, aka gangara da su zuwa kogin Gambiya. Can aka zuba su a jirgin ruwan Turawan Ingila, aka ƙetare teku da su zuwa tsibirin Dominika, daga nan zuwa New Orleans, daga nan aka haura kogin Misisifi zuwa garin Natchez, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Sifaniya.

Wani matashin manomi mai suna Thomas Foster ya saye shi tare da wani ɗan ƙasarsu a kan peso 930. Abdurrahman ya yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa shi ɗan sarki ne, kuma mahaifinsa zai biya fansa mai yawa. Abin da ya samu kawai shi ne sunan ba'a: suka riƙa kiransa Prince, wato Yarima, sunan da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Aka aske masa dogon gashinsa, wanda alamar daraja ce a ƙasarsu, aka miƙa masa fartanya, alhali a Futa noma aikin bayi ne. Ya gudu ya shiga daji na wasu makonni. Babu hanyar gida, kuma addininsa ya haramta masa halaka kansa, sai ya dawo da ƙafarsa ya miƙa wuya.

Ƙasar da ya tarar

Don ku gane abin da ya biyo baya, sai kun san halin da Amurka take ciki. A shekarar da aka sauke Abdurrahman, 1788, jihohin Amurka suka amince da kundin tsarin mulkinsu. Ƙasar ta ginu a kan da'awar cewa an halicci mutane daidai wa daida, amma kundin ya yi sulhu da masu bayi ta hanyoyi uku. Na farko, wajen rabon kujerun majalisa ana lissafa kowane bayi biyar a matsayin mutum uku, abin da ya ƙara wa masu bayi ƙarfi, alhali bayin ba su da ƙuri'a. Na biyu, bawan da ya gudu zuwa wata jiha dole a mayar da shi. Na uku, an hana majalisa haramta shigo da bayi daga waje kafin 1808.

Jihohin arewa, inda tattalin arziki bai dogara da gandu ba, suka fara kawar da bauta a hankali: Pennsylvania a 1780, New York a 1799, New Jersey a 1804. Mutane da dama sun zaci kudu ma za ta bi sahu. Sai aka ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, wanda ke raba auduga da angurya cikin sauri, daidai lokacin da masaƙun Ingila ke neman auduga ido rufe. Nan take bawa ya zama jari mafi tsada a kudu. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000. Zuwa 1830 sun kai miliyan 2, duk da an haramta shigo da su tun 1808, domin 'ya'yan da aka haifa cikin bauta su ma bayi ne, kuma ana sayar da su daga tsofaffin jihohi zuwa sababbin gandayen auduga irin na Misisifi.

Shekarun gandu

Natchez ta koma hannun Amurka a 1798, Foster kuwa ya bar noman taba ya koma auduga. Abdurrahman ya san kiwon shanu, ya san auduga tun daga gida, kuma ya san yadda ake jagorantar mutane. Ba a daɗe ba ya zama kamar sarkin gandu, mai lura da sauran bayi. Foster, wanda ya fara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya zama ɗaya daga cikin attajiran yankin.

A 1794 Abdurrahman ya auri wata baiwa Kirista mai suna Isabella. Allah Ya ba su 'ya'ya tara, maza biyar da mata huɗu, kuma kowannensu a doka dukiyar Foster ne tun ranar haihuwarsa. Waɗanda suka san shi a Natchez sun shaide shi da gaskiya da riƙon amana, ba ya shan giya, ba ya sata, kuma ba kasafai ake ganin murmushinsa ba. Shekara da shekaru ba shi da Alƙur'ani, ba shi da takarda, ba shi da jam'i. An ba da labarin cewa yakan zana haruffan Larabci a ƙasa da yatsa lokacin hutu don kada su kuɓuce masa.

Likitan da ya gane shi

Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wajen 1781, wani likitan jirgin ruwa ɗan ƙasar Ireland mai ido ɗaya, John Cox, ya sauka gaɓar Afirka ta Yamma, ya ɓata, jirginsa ya tafi ya bar shi, ya kuma kamu da ciwo. Aka kai shi Timbo. Ibrahima Sori ya sauke shi, aka yi jinyarsa kimanin wata shida, sannan aka haɗa shi da 'yan rakiya zuwa bakin teku.

A 1807, shekara 26 bayan haka, Abdurrahman yana sayar da dankali a wata kasuwa kusa da Natchez, sai ga wani Bature mai ido ɗaya bisa doki. Suka gane juna. Cox ya tabbatar wa mutanen garin cewa wannan bawa ɗan sarkin da ya ceci ransa ne, ya je wurin Foster ya taya shi har dala 1,000. Foster ya ƙi, domin gandunsa ba zai iya rabuwa da shi ba. Cox bai daina ƙoƙari ba har ya rasu a 1816, ɗansa ya ci gaba, shi ma bai yi nasara ba. Ku lura da wannan: kowa ya san an zalunce shi, ga mai shaida, ga kuɗi a hannu, amma doka ta ba mai bawa ikon ya ce a'a, kuma maganar ta ƙare a nan.

Wasiƙar Larabci

Shaidar Cox ta sa Abdurrahman ya zama sananne a Natchez. Wani editan jarida, Andrew Marschalk, ya ba shi shawarar ya rubuta wasiƙa zuwa Afirka. A 1826 ya rubuta takarda da Larabci, wadda ta ƙunshi abin da ya haddace na Alƙur'ani. Marschalk ya zaci duk mai rubutu da Larabci Balaraben Maroko ne, don haka ya miƙa ta ga sanatan Misisifi, Thomas Reed, aka kai ta ma'aikatar harkokin waje, aka aika wa ƙaramin jakadan Amurka a Tanja. Labari ya kai ga Sarkin Maroko, Maulaya Abdurrahman ɗan Hisham, wanda ya nuna yana son a 'yanta wannan Musulmi.

Amurka na da yarjejeniyar abota da Maroko tun 1786, kuma tana buƙatar jiragenta na kasuwanci su wuce lafiya ta wannan yanki. Saboda haka sakataren harkokin waje, Henry Clay, ya kai maganar ga Shugaba John Quincy Adams a 1827, shi kuma ya amince a nemi sakinsa. Abdurrahman bai gyara kuskuren Marschalk ba a lokacin, domin ya fahimci cewa a idon waɗannan mutane bautar da Balarabe abin kunya ne, bautar da baƙar fatar Afirka kuwa abu ne na yau da kullum.

'Yanci mai sharaɗi

Foster ya yarda ya sake shi ba tare da ko sisi ba. Abdurrahman ya kai shekara 66, an riga an ci moriyar ƙarfinsa. Amma ya gindaya sharaɗi: kada ya ɗanɗani 'yanci a cikin Amurka, a fitar da shi kai tsaye zuwa Afirka. Dalili a fili yake. 'Yantaccen uba yana yawo a gari alhali 'ya'yansa na cikin gandu fitina ce ga mai gandu. Wannan tsoro ya game kudu tun bayan da bayin Haiti suka yi tawaye a 1791 suka kafa ƙasarsu a 1804. Jihar Virginia ta yi doka a 1806 cewa wanda aka 'yanta ya bar jihar cikin shekara guda, Misisifi kuma ta yi tata a 1822 cewa ba a 'yanta bawa sai da amincewar majalisar jiha.

Ranar 22 ga Fabrairu 1828 aka sa hannu a takardar. Abdurrahman ya nuna ba zai iya tafiya ya bar matarsa ba. Foster ya sa mata kuɗi dala 200, mutanen Natchez suka tara fiye da haka cikin kwana guda. A watan Afrilu suka shiga jirgin ruwa suka nufi arewa, 'ya'yansu da jikokinsu na tsaye a bakin kogi suna kallo. Ranar 15 ga Mayu ya gana da Shugaba Adams a Washinton, ya roƙi taimako don fansar zuriyarsa. A lokacin an riga an gane ba ɗan Maroko ba ne, kuma gwamnati ba ta ba da kuɗin ba. Sai ya yanke shawarar ya nemi kuɗin da kansa, gari gari.

Arewa da masu neman gyara

Arewar da ya shiga tana cikin wani yunƙurin farfaɗo da addinin Kirista, wanda ya haifar da ƙungiyoyin gyaran al'umma barkatai: na rarraba Baibul, na yaƙi da shan giya, na gyaran gidajen kurkuku, na ilimin nakasassu. A kan bauta kuwa, ra'ayi ya kasu uku.

Kashi na farko su ne masu gandu da magoya bayansu, waɗanda suka fi ƙarfi a kudu. Rikicinsu da arewa ya fito fili a 1819, lokacin da yankin Missouri ya nemi zama jiha mai bayi, alhali jihohi masu bayi 11 ne, marasa bayi ma 11. Aka yi sulhu a 1820: Missouri ta shiga da bauta, Maine ta shiga babu bauta, aka ja layi a taswira ya raba sauran yankunan yamma da aka saya daga Faransa. Layin ya kwantar da ƙura na ɗan lokaci, amma ya tabbatar da cewa ƙasar ta zama gida biyu.

Kashi na biyu su ne 'yan ƙungiyar mayar da baƙaƙen fata Afirka, wadda aka kafa a ƙarshen 1816, ta kuma kafa matsugunin da ya zama Laberiya a 1822. Cikinta akwai masu ƙin bauta da zuciya ɗaya, waɗanda ke ganin farare ba za su taɓa yarda su zauna daidai da baƙaƙe ba. Akwai kuma masu bayi, irin su Clay kansa, waɗanda ke son a rage 'yantattun baƙaƙe a ƙasar.

Kashi na uku su ne 'yantattun baƙaƙen arewa. Tun a Janairun 1817 kimanin mutum 3,000 daga cikinsu suka taru a wata majami'a a Filadelfiya suka yi watsi da shirin kwashe su. Hujjarsu ita ce a nan aka haife su, guminsu ne ya gina ƙasar, kuma ba za su tafi su bar 'yan'uwansu cikin sarƙa ba. A 1827 suka kafa jaridarsu ta farko, Freedom's Journal, a New York.

Abdurrahman ya ratsa tsakanin waɗannan duka. 'Yan ƙungiyar mayarwa suka ɗauke shi a matsayin tallar shirinsu. Thomas Gallaudet, limamin Kirista da ya kafa makarantar kurame a Hartford, ya yi masa hidima sosai, ya ba shi Baibul na Larabci, yana fatan zai kai addinin Kirista Futa Jalon. Arthur Tappan, attajirin New York, ya hango hanyar ciniki daga Laberiya zuwa Timbo har Tumbuktu. Baƙaƙen Boston suka shirya masa jerin gwano da walima a watan Agusta, domin a wurinsu shi hujja ce mai tafiya da ƙafa a kan masu cewa Afirka ba ta da ilimi ko sarauta. Cikin waɗanda suka shirya walimar akwai wani mai sayar da gwanjon tufafi, David Walker. A wasu wurare kuma an fi sha'awar kallonsa cikin tufafin Larabawa da aka ɗinka masa, da neman ya rubuta musu layi ɗaya na Larabci, fiye da sa hannu a aljihu.

Shin ya bar Musulunci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mai karatu Musulmi, kuma ya kamata a amsa ta da adalci. Gaskiya ne cewa a shekarunsa na ƙarshe a Natchez yana raka matarsa majami'a, kuma a arewa ya bar masu taimakonsa suna zaton ya karkata ga addininsu. Amma ga abin da ke ɗaya gefen. Wani lauya kuma ɗan jarida a Natchez, Cyrus Griffin, wanda ya yi hira da shi, ya ba da labarin cewa yana sukar Kiristocin da ya zauna da su a kan ƙarancin ibada da kwaɗayin dukiya, da rashin bin abin da littafinsu ya koyar. A Disamban 1828, a Filadelfiya, an nemi ya rubuta shahararriyar addu'ar Kiristoci da Larabci. Abin da ya rubuta shi ne Fatiha, kuma takardar tana nan har yau. Da ya isa Afirka kuwa, ya koma yin ibadarsa ta Musulunci a fili, kuma a kanta ya rasu.

Malamai sun yi bayanin hukuncin wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani, bisa aya ta 106 ta Suratun Nahli da ƙissar Ammar ɗan Yasir, Allah Ya yarda da shi. Ba mu ne za mu auna girman tilascin da ke kan dattijon da 'ya'yansa tara ke hannun wani ba. Abin da ya bayyana shi ne mutumin da ya yi shekara 40 ba malami, ba masallaci, ba littafi, amma da aka miƙa masa alƙalami Fatiha ce ta fito.

Guguwar zaɓen 1828

Yawon nasa ya faɗo a shekarar zaɓe, tsakanin Adams ɗan arewa da Andrew Jackson, mai gandu da bayi daga Tennessee. Da labari ya koma Natchez cewa Abdurrahman na jawabi a garuruwan arewa, baƙaƙe na karrama shi, Foster ya fusata cewa an karya sharaɗinsa. Marschalk, mutumin da ya buɗe masa ƙofar 'yanci, magoyin bayan Jackson ne, sai ya juya masa baya. Ya rubuta a jaridarsa, ya kuma buga takardun da aka rarraba dab da zaɓe, yana zargin Adams da amfani da shi don tunzura bayi, yana siffanta shi da mugun mutum mai son zubar da jini, yana tsoratar da jama'a da abin da ya faru a Haiti. Wanda jiya ake yabo da amana, yau ya zama dodo, alhali bai canja ba, buƙatar masu magana ce ta canja. Jackson ya ci zaɓe, kuma jihohin auduga duka suka bi shi.

Komawarsa da rasuwarsa

Bayan kusan wata goma yana yawo, abin da ya tara ya kai kimanin dala 3,500, wanda bai wuce rabin abin da ake nema ba. Gwamnatin da ta san da zamansa na shirin sauka, zama ya zama haɗari. A Fabrairun 1829 shi da Isabella suka shiga jirgi mai suna Harriet daga Virginia tare da wasu 'yantattun baƙaƙe, cikinsu har da Joseph Jenkins Roberts, wanda daga baya ya zama shugaban Laberiya na farko. Suka sauka Monrobiya a watan Maris.

Niyyarsa ita ce ya jira damina ta wuce, ya kuma jira 'ya'yansa, sannan ya haura Timbo. Allah bai nufa ba. Rashin lafiya ta kama shi, ya rasu ranar 6 ga Yuli 1829, yana da kimanin shekara 67. Bai ga Futa Jalon ba, bai sake ganin 'ya'yansa ba. Foster ma ya mutu a wannan shekarar, aka raba bayinsa tsakanin magada. Kuɗin da Abdurrahman ya tara ya fanshi mutum takwas, wato 'ya'yansa maza biyu da iyalansu, waɗanda suka iske Isabella a Laberiya a 1830. Sauran suka ci gaba da zama cikin bauta.

Abin da ya biyo baya

Wata biyu bayan rasuwarsa, David Walker ya buga wani ɗan littafi mai zafi yana kiran bayi su ƙi zalunci, yana kuma sukar shirin kwashe baƙaƙe, har jihohin kudu suka hana yaɗa shi. A Janairun 1831 William Lloyd Garrison ya fara jaridar The Liberator, yana neman a soke bauta nan take. A Agustan wannan shekarar Nat Turner ya jagoranci tawayen bayi a Virginia, kudu ta ƙara tsananta dokokinta. A 1833 aka kafa ƙungiyar yaƙi da bauta ta ƙasa baki ɗaya, kuma shugabanta na farko shi ne Arthur Tappan, wanda ya riga ya bar 'yan mayarwa. Adams kansa ya koma majalisa ya zama ƙaya a wuyan masu bayi. Tsakiyar da ake fakewa a cikinta ta yi ta ƙanƙancewa, har aka kai ga yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, wanda ya ƙare da soke bauta a kundin tsarin mulki.

Abin lura

Ya ku 'yan'uwa, ku dubi dalilin da ya sa aka tausaya wa Abdurrahman: ɗan sarki ne, ya iya rubutu, an zaci Balarabe ne. Mutanen Natchez da suka tara kuɗin Isabella cikin kwana guda, da yawansu suna cin arzikin bauta, kuma ba su ga wani saɓani ba. Tausayin da ya tsaya a kan nasabar wanda aka zalunta yana iya fitar da mutum ɗaya, amma yana barin zaluncin a inda yake. Masu gyaran da suka zo bayansa sun fara tasiri ne lokacin da suka daina tambayar wane ne bai dace da bauta ba, suka koma tambayar wa ya ba wani ikon mallakar ɗan'uwansa tun farko.

Kada kuma mu karanta wannan tarihi muna nuna wasu da yatsa kawai. Jirgin na Turawa ne, amma hannayen da suka kai shi bakin jirgin na Afirka ne, kuma gidansu ma ya sayar da 'ya'yan wasu. Tun a 1615 Shaihu Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawa yana haramta bautar da Musulmi 'yantattu, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno, ya kuma bayyana cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa na cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Duk wanda ke da ɗan aiki a gidansa, ko yarinyar da aka kawo daga ƙauye, ko leburan da ke jiran ladansa, wannan gargaɗi bai yi nisa da shi ba.

Allah Ya jiƙan Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori da sauran Musulmin da suka rasu cikin sarƙa ba a san sunayensu ba. Ya tsare mu daga zaluntar wani ko a zalunce mu, Ya tabbatar da mu a kan imani har ƙarshe. Allah ne Mafi sani.